An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ku 'yan makaranta, ku ba ni aron kunnuwanku yau, gama akwai wata gardama da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga ba ta kwanciya sai an fito fili an yi ta. Gardamar a kan wani wasan silima ne na ƙasar Amurka, wanda wani baƙar fata mai suna Spike Lee ya rubuta, ya shirya, ya kuma fito a ciki da kansa, aka fara nuna shi cikin 1989. Sunan wasan da Turanci Do the Right Thing, watau ka aikata abin da ya ke daidai. Tun bai kai ga idon jama'a ba waɗansu marubuta na birnin Niyok suka yi masa ca, suka ce garwashi ne, in an nuna shi baƙaƙen fata za su fito daga gidan silima su cinna wa gari wuta. David Denby ya rubuta a mujallar New York cewa in waɗansu 'yan kallo suka haukace, to, Lee yana da kasonsa cikin alhakin. Joe Klein kuma, a cikin wannan mujalla, ya ji tsoron kada wasan ya ɓata wa David Dinkins, baƙar fatan da ke neman kujerar magajin garin Niyok a shekarar. Har wa yau in aka taɓo zancen sai ka ji wani ya ce ai yadda aka riƙe kyamara cikin wasan nan zuga ce tsagwaronta. Ni kuwa na ce ba haka ba ne, kuma da kyamarar nan da su ke zargi zan kafa hujjata.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Duk abin da ya faru cikin yini guda ne da darensa, a layi guda na unguwar Bedford-Stuyvesant da ke Brooklyn, ranar da zafi ya fi na kowace rana cikin shekara. Mutanen unguwa galibinsu baƙaƙe ne. A bakin layin akwai shagon wani Ba'amurke ɗan asalin Italiya mai suna Sal, wanda ya shekara 25 yana sayar musu da fiza, watau wata irin gurasa ta Italiya da a ke gasawa da cuku da tumatir. Yana aiki da 'ya'yansa biyu, Pino da Vito, da wani saurayi baƙi mai suna Mookie, wanda ke kai wa mutane saƙon abinci gida gida. A jikin bangon shagon Sal ya jera hotunan shahararrun mutane, irin su Frank Sinatra da Al Pacino, dukansu 'yan asalin Italiya. Sai wani saurayi mai tsiwa, Buggin' Out, ya ce ina dalilin da babu hoton baƙi ko ɗaya, alhali kuɗin baƙaƙe ne ke riƙe da shagon? Sal ya ce masa in yana son hoton danginsa ya je ya buɗe nasa shago. Akwai kuma wani ƙaton saurayi, Radio Raheem, wanda ba ya rabuwa da wani babban akwatin rediyo mai kaset, ya ƙure masa murya duk inda ya sa ƙafa. Da dare ya yi, su biyun nan suka shiga shagon da rediyo yana ruri, aka yi cacar baki, Sal ya ɗauki kulkin buga ƙwallo ya farfasa rediyon, Raheem ya shaƙe shi, kokawa ta fito har kan titi. 'Yan sanda suka zo, ɗayansu ya sa wa Raheem kulki a maƙogwaro daga baya ya yi ta matsawa har ya mutu. Mookie ya ɗauki garwar shara ya jefa ta gilashin tagar shagon, jama'a suka afka ciki, aka ƙone shi ƙurmus.

To, kun ji. An kashe mutum, an ƙone shago. Ku riƙe lissafin nan a ranku, za mu komo kansa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san abin da kyamara ta ke yi wa mai kallo. In kana tsaye a kasuwa ana faɗa, kai ne da wuyanka, ka dubi inda ka so, ka matsa kusa ko ka ja da baya. Amma a gaban allon silima ba ka da wannan iko. An ara maka ido guda, inda mai ɗaukar hoto ya ajiye shi nan za ka tsaya, abin da ya nuna maka shi za ka gani. In ya ajiye kyamara ƙasa tana duban sama, mutumin da ke gabanta sai ya zama ƙato, kamar yadda mai tafiya ƙasa ya ke ganin mai kan doki. In ya ɗaga ta sama tana duban ƙasa, mutum sai ya ƙanƙance. Ku gwada da kanku: ɗayanku ya kwanta a filin makaranta ya dubi abokinsa da ke tsaye, ya gani ko ba zai ga ƙaramin yaro ya zama basamude ba. Wanda ya riƙe kyamara cikin wasan nan kuwa Ernest Dickerson ne, abokin Lee tun suna karatun silima a Jami'ar Niyok, shi ma baƙar fata.

Abu na fari da suka yi shi ne suka sa mai kallo ya ji zafi a jikinsa. Suka guje wa shuɗi da kore gwargwadon iko, suka cika allo da ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Akwai wani bango da aka shafe da jan fenti garau, inda dattawa uku ke zaune yini zubur suna hira, kai ka ce a bakin maƙera su ke. Wani lokaci har wuta su kan kunna a ƙarƙashin idon kyamara don hoton ya riƙa rawa, kamar yadda hanya ke yi da tsakar rana cikin bazara. Kowa ya san abin da zafi ke yi wa haƙuri. Maganar da za ka ji da sanyin safiya ka yi dariya, ita ce za ka ji da azahar ka kai mari.

Abu na biyu, wanda masu zargi suka fi riƙewa, shi ne karkata kyamara. Maimakon a kafa ta daidai yadda bango zai tsaya a miƙe, sai a kishingiɗa ta gefe, ɗaki duk ya karkace kamar kwale-kwalen da ke shirin kifewa. Dabara ce tsohuwa, an yi ta da yawa cikin wasan The Third Man na 1949, wanda ya nuna birnin Biyana bayan yaƙin duniya na biyu. Sa'ad da Raheem ya fara shiga shagon Sal da rana don ya sayi fiza, kyamara tana ƙasa, a karkace, ta matso dab da fuskarsa, har ya cika allo kamar zai faɗo wa mutum. Masu zargi suka ce, kun gani, Lee ya ɗauki ɗan tasha mai damun mutane da kiɗa ya mai da shi sadauki, yana koya wa yara su yi sha'awar mai ƙarfin tsiya.

Assha! Ai wannan karatu ne na wanda ya buɗe shafi guda ya rufe littafi. Su duba abin da ya biyo baya mana. Da an nuna Raheem daga ƙasa, sai a yanke a nuna Sal daga sama, shi ma a karkace, amma ta ɗaya gefen. Watau idon da ya ga Raheem ya zama dodo idon Sal ne, daga bayan kanta, idon da ya ga Sal ya zama ɗan tsoho mai masifa kuma idon Raheem ne. An ba ka idon wannan, an karɓe, an ba ka na wancan, don ka san yadda kowannensu ya ke ganin ɗan'uwansa, ka kuma ga babu wanda ya ga ɗaya daidai. Shaida kuwa ita ce, a wani wuri Raheem ya gamu da Mookie a kan titi, yana sanye da zobba masu faɗi a hannu biyu, na dama an rubuta So, na hagu an rubuta Ƙi. Nan kyamara ta zaga ta tsaya inda Mookie ya ke tsaye, Raheem ya dube mu ido da ido, ya shiga ba da labarin damben hannuwan nan biyu, yana kai naushi wajenmu, har ya ƙare da cewa So ne ya kayar da Ƙi. Lee ya aro wannan daga wasan The Night of the Hunter na 1955, inda wani mugun mai wa'azi ya rubuta kalmomin nan a 'yan yatsunsa. Mutumin dai shi ne, girman jikinsa bai ragu ba, amma da aka duba shi da idon aboki sai ga saurayi mai barkwanci, mai son a saurare shi. Ashe tsoro ne ke ƙara wa mutum tsawo. Abin da kyamara ta ke koyarwa ke nan, kuma wannan tsoro shi ne ya sa kulki a wuyan Raheem da dare.

Ba na cewa Raheem waliyyi ne. Ya yi wa Bakoriye mai kanti da matarsa rashin kunya sa'ad da ya je sayen batir 20 na rediyonsa, ya dami unguwa da ƙara, ya kuma shaƙe dattijo. Wasan bai ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma a wace doka aka ce hukuncin ƙure rediyo da kokawa shi ne kisa a kan titi, ba alƙali, ba shaida?

Haka kuma in da nufin Lee zuga ne, da ya mai da Sal shaiɗan, gama ba a tara mutane su ƙi wanda aka sa su ƙauna. Ga shi kuwa wuri mafi natsuwa cikin wasan duka an ba Sal ne. Yana zaune da ɗansa Pino a bakin taga, kyamara a kafe daidai, ba karkata, ba yanka, tana matsowa sannu sannu kamar mai gudun kada ya katse hira. Pino yana roƙon ubansa su sayar da shagon su koma unguwarsu, don abokansa suna yi masa dariya yana yi wa baƙaƙe hidima. Sal ya ce ba inda za shi, gama yaran unguwar nan da abincinsa suka girma, yana kuwa alfahari da haka. Duk mai zuciya zai ji tausayin dattijon nan a wurin. Sa'an nan, ba tare da an yanke ba, ta cikin gilashin nan muka ga Pino ya fita ya yi wa Smiley tsawa, wani bawan Allah mai i'ina da ke yawon sayar da hoton Martin Luther King da Malcolm X. Uba yana gini, ɗa yana rushewa, duk cikin hoto guda. Shi Pino ɗin nan kuwa, gwanayensa na duniya su ne Magic Johnson da Eddie Murphy da Prince, dukansu baƙaƙe, da Mookie ya tuna masa haka sai ya shiga kame-kame, wai su ai sun wuce a kira su baƙaƙe.

Akwai wani wuri kuma da a kan kawo don a ce wasan yana yaɗa zagi. Labari ya tsaya cik, mutum biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fuskanci kyamara, ita kuwa ta taho masa a guje, ya buɗe baki ya zazzage ashar a kan wata kabila. Mookie ya zagi Italiyawa, Pino ya zagi baƙaƙe, wani saurayi ɗan Puerto Rico ya zagi Koriyawa, ɗan sanda farar fata ya zagi 'yan Puerto Rico, Bakoriye ya zagi Yahudawa. Ku lura da inda aka ajiye mai kallo. Ba a gefe ya ke yana jin ana zagin wani ba, a fuskarsa a ke zuba zagin, sau biyar, ko wane iri ne shi sai ya ɗanɗana. Wanda aka yi wa haka ba ya fita yana marmarin zagi. Ku lura kuma Lee bai tsame kansa ba, gama shi ne Mookie, kuma da bakinsa aka fara. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, amma shi ya fara nuna nasa kafin ya hango na wani. Daga ƙarshe mai gidan rediyon unguwa, wanda Samuel L. Jackson ya fito a matsayinsa, ya gangaro kan kujerarsa zuwa ga kyamara ya daka musu tsawa su yi shiru.

Yanzu mu zo ga daren. Cikin shago ana ihu, kyamara ta karkace fiye da kowane lokaci, fuskoki sun kumbura sun cika allo. Amma sa'ad da ɗan sanda ya ɗaga Raheem da kulki, abokin aikinsa yana ce masa ya isa, ina kyamara ta duba? Ta sauka ƙasa ta nuna ƙafafunsa. Takalma biyu sun bar ƙasa, suna shure-shure cikin iska, sa'an nan suka daina. Babu Ba'amurke baƙi da zai ga ƙafafu suna reto haka bai tuna da mutanen da aka rataye a itatuwa a kudancin ƙasar ba, ba tare da shari'a ba. Suka yar da shi, suka shure shi wai ya tashi ya bar wasa, sa'an nan suka ja gawar suka cusa a mota suka tafi. Da 'yan kwana-kwana suka zo kashe wuta kuma suka juya tiyon ruwa kan jama'a, hoton ya zama ɗan'uwan waɗanda aka ɗauka a Birmingham ta jihar Alabama cikin 1963, sa'ad da aka watsa wa yara 'yan makaranta masu zanga-zanga ruwa mai ƙarfi.

Lee bai ƙago mutuwar nan daga kansa ba. Cikin 1983 'yan sandan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok suka kama wani saurayi baƙi, Michael Stewart, bisa zargin rubutu a bango, aka kai shi asibiti a sume, ya mutu bayan kwana 13, kotu kuma ta sallami 'yan sandan cikin 1985. Cikin Disamba 1986 waɗansu samari farare suka fatattaki baƙaƙe uku daga bakin wani shagon fiza a unguwar Howard Beach, ɗayansu, Michael Griffith, ya faɗa babban titi mota ta kashe shi. Sunayen su biyun suna cikin waɗanda aka rubuta a ƙarshen wasan, aka sadaukar da shi ga iyalansu.

To, mu komo ga lissafinmu. Rai guda, shago guda. Masu zargi suka cika shafi da maganar garwar shara da gilashi da wuta, suna tambaya ko Mookie ya aikata daidai. Lee ya sha faɗa cewa fararen fata ne kaɗai ke yi masa wannan tambaya. Ni ban ce ƙona shago ya ta da mamaci ba, kuma ba Sal ne ya riƙe kulkin ba. Mai son ya ce Mookie ya yi kuskure yana da abin faɗa, mai cewa ya kau da fushin jama'a daga jikin Sal da 'ya'yansa zuwa kan gini shi ma yana da nasa, wasan kuwa bai yanke hukunci ba, sai ya rufe da maganganu biyu, ta King mai ƙin tashin hankali da ta Malcolm X mai halatta kare kai. Amma mutumin da aka nuna wa ƙafafun nan suna reto, ya fito yana makokin gilashi, ai ya ba da labarin kansa ne. An bar jaki ana dukan taiki.

In suna neman wasan da kyamararsa ta zuga mutane da gaske, ga shi nan a tarihinsu. Cikin 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, inda Turawa suka shafa baƙi a fuska suka fito a matsayin baƙaƙe masu farautar matan farare. Gwanintarsa ita ce yanka hoto tsakanin wuri biyu: a nuna farare a tsare cikin bukka, a yanke a nuna mahayan ƙungiyar Ku Klux Klan sun sako dawaki, a komo bukka, a koma dawaki, sauri yana ƙaruwa, har mai kallo ya sami kansa yana roƙon Allah masu kisa su iso da wuri. Ido guda aka ba shi tun daga fari har ƙarshe, ba a taɓa ara masa na ɗaya ɓangaren ba. A shekarar nan aka sake kafa ƙungiyar a jihar Georgia, ta kuwa yi shekaru tana jawo mabiya da wasan. Duk da haka aka daɗe ana koyar da shi a makarantun silima don gwanintarsa, har Lee yana ɗalibi ya yi wani gajeren wasa, The Answer, cikin 1980 don ya mai da masa martani, abin da ya kusa jawo masa kora.

Me ya faru bayan an nuna wasan Lee ran 30 ga Yuni 1989? Ba wanda ya fito daga gidan silima ya ƙona gari. Dinkins ya ci zaɓe cikin Nuwamba, ya zama baƙar fata na fari da ya riƙe birnin. Jinin da aka zubar a wannan damina kuwa na wani yaro baƙi ne ɗan shekara 16, Yusuf Hawkins, wanda ya je duba tsohuwar mota ta sayarwa a Bensonhurst ran 23 ga Agusta, gungun samari farare suka kewaye shi, aka harbe shi. Bensonhurst ɗin nan ita ce unguwar da Sal da 'ya'yansa ke zaune cikin wasan. Masu ba da kyautar Oscar ba su ko sa wasan cikin jerin waɗanda za a zaɓi gwani daga cikinsu ba, suka ba Driving Miss Daisy, labarin wani baƙi direban wata tsohuwa farar fata, mai sanyin hali, wanda ba ya ta da hankalin kowa. Sai cikin 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin wasannin da ƙasa za ta adana. Cikin 2014 wani ɗan sandan Niyok ya shaƙe Eric Garner a Staten Island, cikin 2020 wani ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis, duka biyu kuwa mutanen da ke tsaye a wurin ne suka ɗauki hoton da wayar hannu. Lee ya haɗa hotunan nan biyu da na Raheem cikin wani ɗan gajeren fim a 2020, yana yanka daga wannan zuwa wancan, har da wuya mai kallo ya rarrabe wasa da gaskiya.

Wasan kansa ma ya riga masu zarginsa sanin abin da za su faɗa. Da gari ya waye Mookie ya koma wurin Sal neman ladansa na mako, dala 250, suka tsaya gaban toka. Mookie ya ce ai kamfanin inshora zai biya shi, Sal ya ce ba zancen kuɗi ba ne, da hannunsa ya gina wurin. Nan kyamara ta miƙe daidai, ta ba kowannensu girmansa na mutum. Sa'an nan ta tashi sama a hankali tana duban layin, yara sun fito suna wasan ƙwallo, mai gidan rediyo yana karanta labarin safe: magajin gari ya kafa kwamitin bincike, ya kuma ce birni ba zai yarda kowa ya ɓarnatar da dukiya ba. Sunan Raheem bai fito cikin saƙon magajin gari ba, sai mai rediyon ne da kansa ya ambace shi, ya sa masa waƙa.